Fadamar ƙasar Gaya: yaushe ake su, yaushe ake bari?

A wannan fitowa za mu nufi kudu, can ƙasar Dandi, inda kogin Isa yake sallama da ƙasarmu ya shiga Najeriya. Akwai wata magana da take yawo a bakin masunta da manoma. Suna cewa idan aka ji an kare fadama, to gwamnati ta ƙwace ta ke nan, ta bar wa tsuntsaye da baƙi masu kallo. Maganar ba haka take ba, ko da yake akwai abin da ya sa mutane suke faɗinta. Saboda haka muka ga ya kamata mu warware wannan al'amari dalla-dalla, domin abin da ya shafi fadamar Gaya ya shafi masu zama bakin tafki a Maradi da Damagaram da Tawa.

Kogin Isa, wanda a Najeriya ake kira Kwara, ya taso daga duwatsun ƙasar Gine. Tsawonsa ya haura kilomita 4,000, wajen 550 daga ciki suna cikin Nijar. Daga Bumba zuwa Gaya har kusa da Dole, kogin ne iyaka tsakaninmu da Benin. A wannan yanki ƙasa shimfiɗaɗɗa ce. Idan kogi ya cika sai ya haura gaɓa, ya bazu cikin ciyawa da kwaruruka, ya yi watanni yana kwance. Wannan fili da ruwa yake rufewa ya kuma janye kowace shekara, shi muke nufi da fadama a nan.

Ranar 2 ga Fabrairu 1971, a wani gari na ƙasar Iran mai suna Ramsar, ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya kan kiyaye fadamu da tafkuna. Nijar ta shiga cikinta a 1987. Wuri na farko da ta rubuta shi ne gandun dajin W, wanda ya samo sunansa daga yadda kogi ya lanƙwashe a wurin kamar harafin W. A 2001 aka rubuta fadamar ƙasar Gaya, inda garin Albarkaize yake, a 2004 kuma aka ƙara da wani yanki na sama da shi. Mutanen Tawa su sani tafkin Tabalak da na Ɗan Dutsi sun shiga a 2005, tare da na Lasuri a jihar Damagaram. Na Madarunfa da na Gidimuni sun biyo baya a 2019.

To, a nan ne ake yin ruɗani. Gandun dajin W dokarsa daban ce: ba a farauta cikinsa, ba a noma, ba a kiwo. Fadamar Gaya kuwa akwai garuruwa da gonakin shinkafa da garken shanu da jiragen masunta a cikinta, kuma yarjejeniyar ba ta ce a tashi kowa ba. Abin da ƙasa ta ɗauki alkawari shi ne a ci amfanin wurin ta hanyar da ba za ta kashe shi ba. Wanda yake so ya gane hanyar nan, sai ya fara da gane tafiyar ruwan.

Jan ruwa da baƙin ruwa

Kogin Isa yana cika sau biyu a shekara. Cikar farko tana zuwa da damana, a watannin Agusta da Satumba. Ruwan sama ne da ya sauka nan kusa, gulabe kamar Gorwal da Dargol da Sirba suka kwaso shi daga ƙasar Burkina Faso, Mekuru da Alibori da Sota kuma daga Benin. Yana zuwa da jar ƙasa, shi ya sa ake kiransa jan ruwa. Cika ta biyu ita ce mai ban mamaki. Ruwan da ya sauka a Gine tun damana yakan shiga babbar fadamar Masina a ƙasar Mali, ya yi ta jan jiki cikin ciyawa, laka ta kwanta, ruwa ya tace. Ba ya isowa gare mu da ƙarfinsa sai Disamba da Janairu, lokacin da muke cikin ɗari, babu ko gajimare a sama. Wannan shi ne baƙin ruwa. Albarkacin cika biyun nan fadamar Gaya takan daɗe da ruwa, tun daga Agusta har bayan sabuwar shekara. Daga nan kogi ya riƙa ja da baya, har ya kai ƙarshen ƙanƙancewarsa a Mayu da Yuni.

Manyanmu ba su manta da Yunin 1985 ba, lokacin da kogi ya daina gudu a Yamai bayan farin 1984. A Masina, inda aka daɗe ana auna kifin da ake kamawa, abin da masunta suka samu a wannan lokaci bai kai rabin na 1969 ba. Masana suka lura da abu guda: shekarar da ruwa ya rufe fili mai faɗi, kifi yakan yi yawa, shekarar da ya tsaya cikin kogi kuwa sai raga ta dawo da sauƙi. Ke nan a cikin kogi ake kama kifi, amma a fadama ake haihuwarsa.

Gonar kifi

Da zarar jan ruwa ya fara hawa, kifaye masu ƙwai sukan bar tsakiyar kogi su bi ruwa zuwa cikin ciyawa. Tarwaɗa takan shiga inda ruwa bai wuce gwiwa ba ta zubar da ƙwai dubbai, su manne wa ganye. Balli, wanda wasu ke kira bargi, yakan share wani wuri zagayayye cikin ciyawa, faɗinsa kamar mita guda, ya kewaye shi da karan ciyawa kamar ɗan shinge, ya yi ƙwai a tsakiya ya tsaya gadi. Yauni shi ma sheƙa yake yi, tasa kuwa tana yawo bisa ruwa. Gargaza ta fi su dabara: uwar takan ɗauke ƙwanta cikin baki, ta haƙura da cin abinci har su ƙyanƙyashe, idan ƴaƴan suka ga abin tsoro kuma su ruga su koma bakinta. Duk wanda ya taɓa kama gargaza ya ga ƙwai sun zubo daga bakinta, to ya san kifi nawa ya kashe a lokaci ɗaya. Gaiwa ce kaɗai ba ta damu da janyewar ruwa ba, domin takan shige cikin laka ta naɗe, ta yi barcinta har wata damana.

Me ya sa sai cikin ciyawa? Saboda abinci da mafaka. Filin da ruwa ya rufe ya sha kashin shanu duk rani, ga ruɓaɓɓen ganye. Idan ruwa ya hau kansa sai ƙananan halittu su tsiro, waɗanda ido ba ya gani sosai, su ne nonon ƴaƴan kifi. Kuma giwan ruwa da tsage, masu cin ƴan'uwansu, ba sa iya kutsawa cikin ciyawa mai duhu. Ɗan kifin da aka haifa a Agusta yakan yi wata biyar ko shida yana ci yana girma, sa'an nan ya biyo ruwa ya koma kogi, ko ya maƙale a tafkunan da ruwa ya bari.

Babbar ciyawar wannan wuri ita ce burgu. (Ba burgun rami muke nufi ba, mai satar gujiya.) Tana tsawo tare da ruwa, ko ya hau mita biyu ko uku kanta yana sama, karanta kuma yana da zaƙi. Da ruwa ita ce ɗakin haihuwar kifi. Da rani ita ce abincin shanun da suke gangarowa daga arewa. Matsalar ita ce inda burgu yake fita, nan ne shinkafa take so. Kowace shekara ana ƙara nome burgu ana shuka shinkafa, wani wuri kuma a ja ganuwa a tare ruwa. Ba mu ga laifin mai neman abincin iyalinsa ba, shinkafa ma arziki ce. Amma garin da ya nome burgunsa duka ya san ya sayar da kifinsa da nononsa ya sayi shinkafa, kuma ya buɗe ƙofar rigima da makiyaya, domin saniyar da ba ta sami burgu ba gona za ta nufa. Garin da ya yi dabara shi ne wanda ya zauna da maigari da sarkin ruwa da ruga, aka shata inda za a noma, aka bar inda ba a taɓawa, aka fitar da burtali zuwa mashaya.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin gari ɗaya. A 2008 aka aza harsashin madatsar ruwa ta Kandaji a jihar Tilaberi, domin a sami wutar lantarki da noman rani, kada kuma kogi ya sake tsayawa kamar 1985. Alheri ne babba. Sai dai duk madatsa tana canza lokacin zuwan ruwa da yawansa, saboda haka wajibi ne masu tafiyar da ita su riƙa tunawa da fadamun da ke ƙasa da su, waɗanda ba su da rai sai kogi ya haura gaɓa.

Raga mai yatsa uku

Manomi ya san iri. Ko rumbu ya kusa ƙarewa, akwai damen da aka rataye daban, wanda ba a taɓawa sai ranar shuka. Waɗanda yunwa ta tilasta wa cin irinsu a 1984 sun ga abin da ya biyo baya da ruwa ya sauka. Masunci ma yana da iri, sai dai nasa yana cikin ruwa, ba a ganinsa, kuma na kowa da kowa ne. Wannan ne ya sa ya fi wuyar kiyayewa. Kowa yakan ce a ransa, in na bari wani zai kama.

Kakanninmu sun san maganin wannan tun kafin a haifi masu rubuta doka. A ƙasar Dandi da Kabi, kamar sauran wurare, sarkin ruwa ne yake da ikon rufe tafki ko wani gurbi mai zurfi. Idan ya rufe, ko ƙugiya ba a jefawa. Sai ruwa ya ja, kifi ya ƙosa, a sa rana a yi shela, jama'a su taru da homa da gora a faɗa ruwa gaba ɗaya. Bikin su na Argungu da ya yi suna a duniya daga wannan al'ada ya fito. Abin da aka yi a wurare kamar Albarkaize shi ne a ƙarfafa irin wannan tsari, ma'aikatan ruwa da gandun daji su tsaya bayan mutanen gari. A ganinmu wannan ya fi a turo ma'aikaci ɗaya a kan babur ya tsare kogi mai tsawon tafiyar kwanaki. Mai satar su da dare ba ya tsoron wanda ke barci a Gaya. Maƙwabcinsa yake jin kunya.

Dokar su da aka yi a watan Disamba 1998 ta rubuta abubuwan da aka hana a wancan lokaci. Ta hana su a lokacin da aka rufe ruwa. Ta hana taru da ragunan da ke share ƙasan ruwa, har ta ambaci kindi-kindi da tarun duru da sunansu. Ta hana nakiya da guba da wutar lantarki. Ta kuma hana duk ragar da idonta bai kai yatsa uku ba, wato santimita 6 idan an ja shi. Wannan awo kowa yana ɗauke da shi a hannunsa. Ka zura yatsunka uku a idon raga: in sun shiga, to ƙaramin kifi ma zai fita.

Bari mu yi ɗan lissafi, misali ne kawai. A ce mutum ya tare bakin kwari da ƙaramar raga ya kwashi ƴaƴan kifi 100, kowane giram 10. Ya sami kilo 1 ke nan. A ce kuma ya bar su, rabi suka mutu ko manyan kifaye suka cinye, 50 suka rayu har kowane ya kai giram 200. Nawa ke nan? Kilo 10. Kuma kafin a kama su wasu sun riga sun yi ƙwai. Kowa ya san a kasuwa ba kuɗi ɗaya ake sayen tsagin manyan gargaza da kwanon ƴan mitsi-mitsi ba.

Muna sane da amsar da masunci zai ba mu. Zai ce yau yaransa za su ci, ba bayan wata shida ba. Gaskiyarsa. Dokar da ta ce a bari, ba ta nuna abin da za a ci a watannin bari ba, takan zama abin da ake bi da rana a karya da dare. Shi ya sa rufe ruwa ya fi tafiya daidai inda aka bar su na ƙugiya da birgi a babban kogi don cefanen gida, inda masunta suke da ɗan noma ko lambu, inda kuma ƙungiyarsu take da asusun da za a ranta a sayi raga mai kyau. Raga mai faɗin ido tana da tsada, mai ƙaramin ido kuwa wani lokaci kyauta ake samunta. Muna nufin gidan sauro. Abin takaici ne a ga gidan sauron da likita ya bayar domin mai ciki da jariri an ɗinke shi ana jan sa cikin fadama. Ba ya barin ko ƙwan kifi, maganin da aka jiƙa shi da shi yana cutar da halittun ruwa, yaron da aka cire wa shi kuma ya kwana sauro yana cizonsa a wurin da ya fi ko'ina sauro.

Guba ta fi wannan muni. An daɗe ana jin labarin masu zuba gamalin ko wani maganin ƙwari a gurbi, kifi ya taso ya yi fari bisa ruwa. Gamalin ɗin nan ƙasashen duniya sun amince tun 2009 a daina aiki da shi a gona, saboda daɗewar da yake yi a ƙasa da jikin mutum. Wanda ya ci kifin guba yana iya kamuwa da amai da jiri, har da jijjiga, kuma ƙyafewa ba ta fitar da gubar. Daga wannan ruwa shanu suke sha, mata suke ɗiba. Wanda ya ga ana zuba guba ya yi shiru, ya sani cikin tulunsa ake zubawa.

Tun da muna maganar lafiya, kada mu wuce tsargiya. Cuta ce ta masu shiga ruwan kwance, masunta da masu dashen shinkafa da yara masu wanka. Mai cutar yakan yi fitsari cikin ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin ƙaramar katantanwa, ya girma a ciki, ya fito ya huda fatar wanda ya shiga ruwan. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu suke ɗauka. Idan aka bar shi yakan lalata mafitsara da ƙoda. Maganinsa ƙwaya ce mai suna firazikantel, wadda ake auna tsawon yaro da sanda a ba shi daidai tsawonsa. A je gidan likita, kuma a daina fitsari da bayan gida a bakin ruwa.

Masu bindiga

Idan baƙin ruwa ya iso, fadama takan cika da tsuntsaye. Akwai na gida: kirinjijiya masu tashi garke-garke suna fito, da ɗinya, da zalɓe, da balbela, da jinjimi. Akwai kuma baƙi. Wasu ƙananan agwagin ruwa da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu a Turai da Rasha suke yin ƙwai. Idan sanyi ya daskarar da ruwan ƙasarsu sai su ƙetare teku da hamadar Sahara su sauka a fadamunmu wajen Oktoba, su koma a Maris. Tsuntsun da bai fi tafin hannu biyu ba yana tafiyar kilomita dubbai, sau biyu a shekara. Ikon Allah ke nan.

Farauta sana'a ce mai asali, maharban da kuma suna da ladubbansu. Sun san ba a harbin dabba mai ciki, sun san lokacin da ake rataye baka. Dubi shamuwa: tana sheƙa a tsakiyar gari, bisa itacen ƙofar gida, babu yaron da yake jifarta, domin tun yana ƙarami aka gaya masa ita ce mai albishir da damana. Ba takarda ce ta kare shamuwa ba. Dokar farauta ta watan Afrilu 1998 a kan irin wannan tunani ta ginu. Ta ce sai da takardar izini, kuma sai a lokacin da hukuma ta buɗe. Ta hana farauta da fitila da dare, da bin dabba da mota, da guba. Ta kuma ware dabbobin da ba a taɓawa ko da wane lokaci, cikinsu akwai dorina da ayu da gauraka. Wanda yake so ya san ranar buɗewa da kuɗin takarda, ya tambayi ofishin gandun daji na yankinsa. Za mu ƙara da cewa doka ba ta da daraja a idon talaka idan ya ga an kama mai tarkon kirinjijiya ɗaya, an buɗe wa mai mota da bindiga hanya.

Gauraka ya isa misali. A da ana ganinsa da yawa a fadamun ƙasar Hausa, yau akwai matasan da ba su taɓa ganinsa ba sai a hoto. Yana yin sheƙa a ƙasa cikin ciyawar fadama da damana, ƙwansa kuma kaɗan ne. Da aka nome ciyawar, aka riƙa kwashe ƴaƴansa ana sayarwa don ado a gidajen masu hali, sai ya yi ƙaranci. Ayu ma haka. Dabba ce mai shayarwa, ciyawa take ci, ba ta cutar kowa. Tana ɗaukar ciki wajen shekara guda ta haifi ɗa ɗaya, sa'an nan ta yi shekaru kafin ta sake. Tarwaɗa ɗaya tana mayar da gurbin dubu, amma ayu ɗaya da aka soke da zago don namansa da mansa da abin da ake cewa yana yi na maganin maza, sai an daɗe ba a mayar da shi ba.

Dorina ce mai wuyar sha'ani, kuma ba za mu yi mata kwalliya ba. Takan fito da dare ta ci ciyawa wajen kilo 40, idan ta sami gonar shinkafa kuwa ta gama da wahalar mutum ta wata uku kafin asuba. Tana kife jirgi, tana kisa, musamman mai ɗa. Can sama a Ayoru, kusa da iyakar Mali, rigimar mutane da dorina ta yi tsanani a 2017 har aka kashe da yawa daga cikinsu, a wannan shekara kuma gwamnati ta keɓe musu wurin zama a kogi. Duk da haka dorina tana da nata amfani: ciyawar da ta ci a tudu cikin ruwa take kasayar da ita, wannan kuwa taki ne ga abincin kifi. Abin da yake rage ɓarna shi ne a bar mata burgu kusa da gurbin da take kwana, kada a yi gona a kan hanyar da take bi, mai jirgi kuma ya riƙa buga gefen jirginsa ya kauce wa gurbinta. Idan wata ta addabi gari, a kai ƙara wurin hukuma. Hukuma ita ma ta zo da wuri, domin manomin da aka bari shi kaɗai da hasararsa ba zai saurari wa'azin kowa ba.

Masu kallo da masu ƙidaya

Saura baƙin da ake cewa don su aka kare fadama. Akwai mutanen da suke biyan kuɗi don kawai su ga tsuntsu da dorina, ba su harba ba, ba su ci ba. A shekarun da ake zaman lafiya sukan zo gandun dajin W da bakin kogi da ɗari, mai jirgi ya sami haya, ɗan jagora ya sami lada, mai abinci ta yi ciniki. Dorina ɗaya mai rai ana iya kallonta shekara da shekaru. Amma tun wajen 2019 rashin tsaro a yankin W ya yanke wannan hanya. Saboda haka kada wani gari ya kiyaye fadamarsa yana jiran kuɗin baƙi. Kifi da burgu su ne ladan da yake hannu.

Akwai kallon da ya fi na baƙi amfani gare mu, shi ne ƙidaya. Kowace shekara a tsakiyar Janairu ana ƙirga tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa a lokaci ɗaya. An fara a Turai a 1967, ƙasashen Afirka suka shiga tsarin a 1991. Ma'aikata sukan tsaya bakin tafki da tabarau mai jawo nesa, su rubuta kowane iri da yawansa. Tsuntsu yana sauka inda akwai abinci, saboda haka idan yawansu ya riƙa raguwa a wani tafki shekara bayan shekara, alama ce wani abu ya sami ruwan, kuma masunta za su ji a ragarsu. Irin wannan rubutu kwamitin masunta ma zai iya yi da ɗan littafi da alƙalami: ranar da ruwa ya shiga fadama, ranar da ya fita, ranar da aka rufe su da ranar da aka buɗe, da kwando nawa aka samu. Bayan shekara biyar littafin zai raba gardamar da baki ba ya rabawa.

Gargaɗi biyu ga mai zama kusa da tsuntsayen ruwa. Idan aka ga sun mutu da yawa wuri ɗaya, kada a taɓa, kada a ci, kada a bar kaji da agwagin gida su kusance su. Yana iya zama guba, yana iya zama murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a ƙasarmu a Magarya a watan Fabrairu 2006. A sanar da ma'aikacin dabbobi nan da nan. Na biyu, wani lokaci akan sami tsuntsu ya maƙale a raga da ɗan zoben ƙarfe a ƙafarsa. Ba laya ba ce, ba kuma alamar mai shi ba. Masu bincike ne suka sa masa, domin su gane hanyar da yake bi. A jikin zoben akwai lamba da sunan wani gari ko ƙasa. In tsuntsun yana da rai, a kwafe rubutun a sake shi da zobensa. In ya mutu, a cire zoben. A rubuta ranar da aka same shi da sunan wurin, a kai wa ma'aikacin gandun daji mafi kusa.